Biskit na likita ba alewa ba ne

Kalmar alewa daga Larabci ta zo, ma'anarta zaƙi. Alewa tana daɗin baki, amma ba ta gina jiki. Dakuwa kuwa daga daka take: aya ko gujiya ce aka kirɓa a turmi.

Ƙunshin da likita ke bai wa yaro mai tamowa, mu a Tasawa da Mayahi biskit muke ce masa. Sunan nan yana ruɗin mu. Haɗi ne na gujiya, madara, mai, sukari da bitamin, wanda aka auna domin marar lafiya.

In muka raba wa yayyensa, ko muka kai shi kasuwa, yaron muka ƙwara. Mu kira shi magani, mu bar wa mai shi abinsa.