Mai Fatsa Ba Waliyyi Ba Ne

Ranar 30 ga Satumba, 2022, a bakin Tafkin Erie da ke birnin Cleveland na Amurka, alƙalin wata gasar kamun kifi ya ɗora kifaye biyar a kan sikeli, sai ya ga nauyin ya fi ƙarfin jikinsu. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Ya zaro wuƙa ya farke cikin ɗaya, sai ga curin dalma. Ya farke na biyu, haka. Kafin ya gama ya tara curi goma, har da yankakken naman wani kifin da aka cusa tare da su. Mutum biyun da suka kawo kifin saura ƙiris su karɓi kusan dala 29,000. Ƙarshenta kwana goma aka yanke musu a gidan yari, aka kuma ƙwace jirginsu.

Duniya ta sha dariya, ta wuce. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ban ji wanda ya ce masu fatsa duk macuta ne ba. Cewa aka yi ɓata-gari ne guda biyu, kuma gaskiya ne. To amma a wasu tafkunan Amurka ɗin dai akwai wasu masunta da aka shafe shekara arba'in ana yi musu kuɗin goro, ana kiransu masu kashe ruwa, alhali ko curin dalma ɗaya ba a zaro daga kifinsu ba.

Kifin da ake wannan rigima a kansa Amurkawa na rubuta sunansa walleye, suna furta shi wolai. Dogo ne, ruwan zinariya, farin nama gare shi mara yawan ƙaya, idonsa kuma yana ƙyalli da dare kamar na kyanwa. A jihar Minesota har dokar da ta naɗa shi kifin jiha aka yi a 1965, kuma ranar buɗe kamunsa a watan Mayu gwamna da kansa yake shiga jirgi. Abokin tafiyarsa a kaskon suya shi ne kirafi, wanda suke rubutawa crappie, faffaɗan kifi mai kama da karfasa, da ke yawo garke-garke.

Maganar da ta zama ruwan dare a mujallun su da shagunan sayar da ƙugiya na Minesota da Wiskonsin ita ce wannan: mai fatsa shi ne mai gadin tafki. Ya sayi lasisi, ya biya haraji, ɗaya bayan ɗaya yake kamawa, sau da yawa ma hoto kawai zai ɗauka ya mayar da kifin ruwa. Mai ɓarna shi ne ɗan ƙabilar Ojibwe, ɗaya daga cikin ƙabilun asalin ƙasar da ake kira Indiyawa, da ke fitowa da mashi ko kalli a daidai lokacin da kifi ke zuba ƙwai, ya kashe ya kai gida. Ni kuwa na ce ganin kitse ake yi wa rogo.

Mu fara da wanda ya riga wani zuwa bakin ruwan. Akwai gari a arewacin Wiskonsin da ake kira Lac du Flambeau, wato tafkin jiniya, sunan da Faransawa 'yan fataucin fata suka raɗa masa don sun tarar da Ojibwe suna sukar kifi da dare da hasken wuta a goshin kwalekwale. Da gwamnatin Amurka ta karɓi ƙasarsu a yarjejeniyoyin 1837 da 1842, Ojibwe sun sa an rubuta cewa farauta da su da girbin shinkafar ruwa a wannan ƙasa suna nan a hannunsu. Jihohi suka yi biris da rubutun fiye da shekara ɗari, suna kama duk wanda ya gwada. A 1974 wasu 'yan'uwa biyu, Fred da Mike Tribble, suka tsallake iyakar yankinsu a kan ƙanƙarar tafki da gangan, da kwafin yarjejeniyar a aljihu, don a kama su a je kotu. An kama su. A 1983 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ce haƙƙin yana nan daram.

Abin da ya biyo baya abin kunya ne. Daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa 1991, duk bazara ɗaruruwan mutane kan yi dafifi a mashigar jirage da dare, suna jifa da duwatsu, suna zagi, wasu na tayar da igiyar ruwa da manyan jiragensu don su kifar da masu mashi. A kwalayen da suke ɗagawa akwai mai cewa a ceci wolai, a soke Ba'indiye. Duk da sunan kishin kifi.

Yanzu a zo a ga yadda ake sukar nan. Kafin mutum ya shiga ruwa sai ya karɓi takardar izini ta wannan daren, an rubuta sunan tafkin da adadin kifin da aka yarje masa. Ya ɗaura fitila a goshi, ɗaya na tuƙi a hankali a gefen gaɓa, shi yana tsaye da dogon mashi yana neman idanu biyu masu ƙyalli a kan tsakuwa. In ya fito, ma'aikaci na jiransa a gaɓa da allon awo da littafi. A ƙirga kifin ɗaya ɗaya, a auna tsawo, a duba namiji ne ko mace, a rubuta. Wanda ya wuce inci 20 guda biyu kacal aka yarda ya ɗauka. Mafi yawan abin da ake sukewa ma maza ne, don su ke riga mata zuwa gaɓa, su kuma daɗe a can. Ranar da adadin tafki ya cika, an rufe shi ke nan sai baɗi.

To mai fatsa fa, wa ke ƙirga nasa? Dubban jirage ne ke fita daga dubban mashigai, safe da yamma, wata da watanni. Abin da hukuma ke iya yi shi ne ta aika ma'aikaci wasu tafkuna a wasu ranaku ya tambayi waɗanda ya tarar, sannan a yi ƙiyasi. Ɗaya ana ƙirga masa kamar kuɗin banki, ɗaya ana yi masa kintace, amma wai na farkon ne abin zargi. Tun 1991 binciken haɗin gwiwa na gwamnatin tarayya da jihar Wiskonsin da ƙabilun ya ce sukar ba ta cutar da kifin ba. A 2019 masana a Jami'ar Wiskonsin suka bi bayanan tafkuna 179 na kusan shekara talatin, suka gano kusan kashi 40 cikin ɗari ana ɗibar wolai a cikinsu fiye da yadda yake hayayyafa. Kaso mafi tsoka na wannan ɗiba kuwa a bakin ƙugiya yake fita. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Za a ce ai mai fatsa yana sakin abin da ya kama. Nan ne ma gizo ke saƙar, kuma Tafkin Mille Lacs na Minesota ya isa shaida. A 1999 Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu, ta tabbatar wa Ojibwe haƙƙin su a yankin. Da wolai ya fara ja baya a tafkin, kowane yatsa sai ya nufi kalli. Masanan da jihar ta gayyato da kanta suka duba, suka ce ƙwai na ƙyanƙyashewa da yawa, 'ya'yan ne ba sa kai wa girma. A 2015 aka rage abin da za a ɗiba a shekara zuwa kimanin kilo 18,000, wajen 13,000 na masu fatsa, sauran na ƙabilu. Kafin Agusta ta yi nisa masu fatsa sun wuce nasu, aka rufe. Ojibwe na Mille Lacs suka ce su ma sun jingine kallinsu na shekara mai zuwa.

A 2016 sai jihar ta ce kowa ya kama ya saki, ko ɗaya kada a kai gida. Duk da haka, masu fatsa suka sake wuce adadinsu. Ta yaya? Kifin da aka soka wa ƙarfe a maƙogwaro, aka ja shi cikin ruwan zafi na watan Yuli, aka riƙe shi a iska ana gyara tsayuwar hoto, ba kowanne ke rayuwa ba. Ya yi iyo ya tafi, mai fatsa ya koma gida da farin ciki, shi kuma ya mutu a ƙasan ruwa inda ba mai gani. Gwamnan jihar na lokacin, Mark Dayton, ya bar ruwan a buɗe duk da haka har farkon Satumba, saboda masu otal da masu hayar jirage. Da ƙabilun ne suka wuce nasu da kilo ɗaya, da an ji kururuwa har Washington.

Na kirafi ya fi wannan tayar da hankali. Da can sai ka san ruwa kafin ka same shi. A 2018 kamfanin Garmin ya fito da LiveScope, na'urar da ke nuna wa mutum kifi yana motsi a allo kai tsaye. Da hunturu, in tafki ya daskare har mota na hawa, mutum zai huda ƙanƙara, ya zura na'urar, ya juya ta, ya hango garken kirafi can nesa a tsakiyar zurfi, ya taka ya je daidai kansu ya sake hudawa. Yana kallon ƙugiyarsa na sauka, yana kallon wanda ya fi girma na tasowa. Hausawa na cewa kifi na ganinka mai jar koma. Yanzu mai komar ne ke ganin kifi, shi kuwa bai san ana yi ba. In an fizgo kirafi daga zurfin ƙafa 30, jakar iskar da ke cikinsa kan kumbura, idanu su firfito, ko an mayar da shi ramin ba ya iya nutsewa. Sakin irin wannan kifi sunansa zubarwa. A 2024 jihar Misisifi, wadda Tafkin Enid nata ke riƙe da kambun farin kirafi mafi girma a duniya tun 1957, ta rage adadin da mutum zai ɗauka a rana a manyan tafkunanta huɗu daga 15 zuwa 10, kuma wannan na'ura na cikin dalilan da ta bayar. Babu Ojibwe ko ɗaya a wannan labari.

Haka nan wata 'yar ƙumba mai zane irin na jakin dawa, da ta shigo Amurka a cikin ruwan da manyan jiragen Turai ke zubarwa, ta bayyana a Mille Lacs a 2005. Tana tace ruwa ya yi garau, wolai kuwa duhu-duhu yake so. Daga tafki zuwa tafki a jikin jiragen da ake ja da mota take tafiya. Ga ruwa na ƙara ɗumi shekara bayan shekara. Waɗannan ba su da fuskar da za a zaga a bakin gaɓa, shi ya sa ba a ɗaga musu kwali.

Ban ce kalli ba ya kashe tafki ba. Ya taɓa kashewa. A tafkin Red Lake, inda mafi yawan ruwan ke hannun Ojibwe, an yi ta kamun sayarwa da kalli tun 1917, ga na bayan fage, ga masu fatsa a ɓangaren jiha, har wolai ya kusa ƙarewa a shekarun 1990. Amma a duba wa ya fara tsayawa. A 1997 masuntan ƙabilar da kansu suka kaɗa ƙuri'a suka rataye kallinsu, alhali da shi suke ci da iyali. Sai 1999 jihar ta bi sahu aka rufe gaba ɗaya, aka zuba 'ya'yan kifi, aka sake buɗewa a 2006 da tafki cike. A tsakanin nan kirafin da aka ƙyanƙyashe a 1995 ya samu fili ya yi ƙiba, masu fatsa suka yi ta tururuwa zuwa ƙauyen Waskish suna ɗiba har garken ya ƙare. Duk wanda ya san yadda Sarkin Ruwa ke hana taɓa Matan Fada a Argungu sai ranar da aka buɗe, ba zai yi mamakin Red Lake ba: wanda tukunyarsa ke dogara da ruwa ya fi kowa sanin ranar da ya kamata a bar shi ya huta.

Na kuma yarda kuɗin mai fatsa na aiki. Lasisinsa da harajin da ake ɗora wa kayan su tun 1950 su ke ɗaukar nauyin gidajen ƙyanƙyasar kifi da albashin masu bincike. Sai dai rasit ba ya mayar da mutum waliyyi, kuma ƙabilun ma suna da nasu gidajen ƙyanƙyasar, suna zuba kifi a tafkunan da kowa ke kamawa.

Abin da ke ƙarƙashin wannan magana, in an tone, raini ne ga mai kamun ci. An ɗauki wasa da kifi a matsayin wayewa, cinsa kuma a matsayin ƙauyanci. Mutum ya huda bakin kifi arba'in a yini don nishaɗi, a kira shi mai kishin muhalli; wani ya soke goma ya raba wa tsofaffin unguwarsu, a kira shi maɓarnaci. Wannan ma'auni da dalma a cikinsa.

In da gaske kifin ake so, hanya a buɗe take. A hana kama-ka-saki a watannin da ruwa ya yi zafi da kuma a zurfin da kifi ba ya dawowa. A rage adadi a duk inda na'ura ta shiga. Sannan a ajiye ma'aikaci da allon awo da littafi a mashigar masu fatsa, ya ƙirga nasu ɗaya ɗaya yadda ake ƙirga na Ojibwe tun shekarun 1980. Wanda ya ce wannan takura ce, sai a tambaye shi me ya sa bai taɓa faɗin haka ba lokacin da maƙwabcinsa kaɗai ake yi wa.