Ra'ayinmu: Cin Bashi Don Biyan Bashi

Kowace shekara ana samun ɗalibanmu da ma'aikatan gwamnati masu zuwa Amurka da Ingila don ƙaro ilmi ko halartar kwas. Da yawa daga cikinsu, kafin su gama sanin hanyar makaranta, banki ya riga ya miƙa musu katin cin bashi, watau ɗan katin nan da mutum ke sayen kaya da shi yau ya biya daga baya. Idan bashin ya taru ya yi nauyi kuma, sai wani bankin ya aiko da takardun cek, ya ce a biya tsohon bashi da su, a zo a huta. A kan waɗannan takardun cek ne muke so mu ja kunnen jama'a a yau.

Wannan harka ta daɗe a can. Tun a 1958 ne Bank of America ya rarraba katinsa ga mutanen garin Fresno ta Jihar Kaliforniya, kuma a 1966 bankin Barclays ya fito da nasa a Ingila. Abin ya yi ta bunƙasa har ya zamana a 2023 bashin da ake bin Amurkawa ta hanyar kati ya zarce dala tiriliyan ɗaya, kuɗin ruwan da ake ɗorawa a kai kuwa ya haura kashi 20 cikin 100 a shekara.

Ga yadda cek ɗin yake aiki. Mutum ya rubuta shi da sunan bankin da ke binsa, bankin da ya ba da cek ɗin ya biya, bashin kuma ya tashi daga tsohon kati ya koma kan sabo. Abin da ke jawo mutane shi ne alkawarin cewa ba za a ɗora kuɗin ruwa ba har wani lokaci, galibi daga wata 12 zuwa wata 21. Amma fa banza ba ta kai zomo kasuwa. Tun ranar farko banki zai yanki la'adarsa, kashi 3 zuwa kashi 5 cikin 100 na abin da aka mayar.

Ba mu ce babu amfani a cikin wannan dabara ba. Alal misali, a ce ana bin mutum dala 6,000, ana ɗora masa ruwa kashi 22 cikin 100 a shekara. Wannan yana nufin kimanin dala 110 ke tafiya a ruwa kowane wata, uwar kuɗi tana nan daram. Idan ya mayar da bashin da la'adar kashi 3 cikin 100, zai biya dala 180, bashin ya zama dala 6,180. In an ba shi wata 15 ba ruwa, ya kuma daure yana biyan dala 412 duk wata, to ranar da wa'adi ya cika ya fita kunya. Ruwan wata biyu kawai na tsohon katin ya fi la'adar da ya biya.

To, amma mutum nawa ne za su iya wannan dauriya? Wanda ya ga an ɗauke masa ruwa ya saki jiki, yana biyan dala 100 a wata, bayan wata 15 dala 1,500 kaɗai ya biya, saura dala 4,680, ruwa kuma ya dawo da ƙarfinsa. Mafi muni shi ne wanda ya ga tsohon katinsa ya zama wayam, ya koma kanti da shi. Wannan ya wayi gari da bashi biyu a maimakon ɗaya, an gudu ba a tsira ba ke nan. Bankunan sun san halin ɗan Adam sarai, kuma da irin wannan sakaci ne suke cin ribarsu.

Akwai kuma waɗansu tarkuna a cikin ƙananan rubutun da ke bayan takardar. Ba kowane cek ne ke da rangwame ba, wani ana lissafa shi ne tamkar an ciri tsabar kuɗi, ruwansa ya fi tsada kuma yana fara hawa nan take. Galibi ba a yarda a mayar da bashi tsakanin katuna biyu na banki ɗaya ba. Sabon sayayya da aka yi da katin yana iya ɗaukar ruwa tun daga ranar saye. Wanda ya makara wajen biya kuwa yana iya rasa rangwamen ɗungurungum. Bugu da ƙari, a Ingila dokar bashi ta 1974 ta ba mai saye da kati kariya idan kayan da farashinsu ya wuce fam 100 suka zo da aibu, amma wanda ya biya da irin wannan cek ba ya cikin wannan kariya.

Hukumomin ƙasashen biyu ba su zura ido ba. A 2009 Shugaba Obama ya sa hannu a kan dokar da ta ce rangwame irin wannan kada ya gaza wata shida, ta kuma hana ba wanda bai kai shekara 21 ba kati sai ya nuna yana da hanyar biya ko ya kawo mai tsaya masa. A 2010 majalisar dokokin Ingila ta hana bankuna aika wa mutane waɗannan takardun cek ba tare da sun nema ba. Ruwa ba ya tsami banza. Da abin alheri ne zalla, da ba a kafa masa irin wannan shinge ba.

Kada ma'aikacin da ke nan gida ya ɗauka maganar ba ta shafe shi ba. Ko da yake cek ɗin bai zama ruwan dare a nan ba, halin ɗaya ne da na wanda ke karɓar rance daga wannan banki ko manhajar waya don ya toshe bakin wancan, har albashi ya ƙare tun bai shigo hannu ba. Tun daga 2020 kuma Babban Bankin Nijeriya ya ba bankuna damar cire bashinsu daga ajiyar da mai taurin bashi ke da ita a wani bankin. Ga Musulmi kuwa, ba sai mun tuna masa matsayin riba a addininsa ba.

Saboda haka shawararmu ga wanda bashin kati ya riga ya kama shi ita ce, kafin ya taɓa cek ɗin ya karanta sharuɗɗan duka, ya raba jimlar bashin da yawan watannin rangwame, ya duba ko aljihunsa zai ɗauka. In zai ɗauka, ya ajiye katunan biyu a akwati har ya gama biya. In ba zai ɗauka ba, gara ya tunkari mai binsa su daidaita. Cek ɗin da ba a bukata kuwa a kekketa shi, don kada ya faɗa hannun ɓarayi.

Muna kuma kira ga hukumomin ba da tallafin karatu na jihohi da su riƙa biyan ɗalibai alawus ɗinsu a kan lokaci, domin jinkirin biya ne ke tura da yawansu ga cin bashi, su kuma riƙa yi musu bayanin waɗannan al'amura kafin su tashi. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, amma sai a yi dubu ba a fito ba. Allah Ya raba mu da ƙangin bashi, amin.