Zaburar ƙafa ba warkewa ba ce

Idan ɗan kabu-kabu a Tudun Wadar Sakkwato ya yi hatsari ya ji rauni a laka, ƙafafunsa kan saki, ko an tsikare su ba sa motsi. Bayan kwanaki ko makonni sai su fara zabura da kansu. Nan dangi ke murna, wasu har su kai shi wurin mai ɗori.

Wannan kuskure ne. Lakar da ke ƙasa da raunin ce ta farfaɗo, tana aiki ba da umarnin ƙwaƙwalwa ba. Alamar sauƙi ita ce ya motsa yatsa da niyyarsa, ko ya ji an taɓa shi.

Mu bar likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo su tantance. Jan ƙashin baya na iya lalata ɗan abin da ya rage.