SHAWARAR WATA: Kada gonar gado ta tafi a jingina

  

A watan nan maganarmu kan jingina ce. Ran kasuwa a Karakara wani dattijo ya tsaida ni. Ya ce: "Malam, kai da kake rubutu a jarida, ina da tambaya. Shekara 4 ke nan da na ba da fadamata jingina. Mai ɗakina ce ta kwanta ciwo, na karɓi jaka 60. Bana na haɗa kuɗin na kai. Mutumin ya ce shi saye ya yi."

Na ce: "Baba, kuna da takarda?" Ya ce babu. Na ce: "Shaidu fa?" Ya ce mutum biyu ne. Ɗaya ya rasu, ɗaya ya tafi cin rani bai komo ba.

Irin wannan magana ta yi yawa a ƙasarmu. Shi ya sa muka ga ya kamata mu zauna a kanta.

MINE NE JINGINA?

Jingina daban, saye daban. Mai gona yana karɓar kuɗi, ya ba da gonarsa a riƙe. Mai kuɗi yana nomanta har ranar da aka maida masa kuɗinsa. Ran da aka biya, gona ta koma ga mai ita. Amma in shekaru suka yi yawa, shaidu suka mutu, ƴaƴa suka taso, sai magana ta rikice. Ɗan mai kuɗi ya ce: "Tun ina yaro ubana ke noma nan." Ta haka gonar gado take fita daga gida.

DAGA INA BASHIN YAKE FITOWA?

Wani lokaci ciwo ne, wani lokaci biki. Amma mafi yawa daga kasuwa yake fitowa. Da kaka kowa yana kai hatsi kasuwa rana ɗaya. Kaya sun yi yawa, farashi ya faɗi. Ƴan kasuwa su saye su kai Gaya su tara. Da damana rumbu ya ƙare, mu koma mu sayi hatsinmu da tsada.

Ga misali. Mu ce ka saida buhu 5 da kaka, kowane jaka 18. Ka sami jaka 90. Mu ce a watan Yuli buhu ya kai jaka 27. Buhu 5 ya zama jaka 135. Ka yi hasarar jaka 45, ba fari, ba ɓarawo. In babu kuɗin, sai a ci bashin nan da ake kira "a ci ba daɗi": a ba ka buhu ɗaya, ka biya fiye da haka da kaka. In ya gagara, sai gona.

Kuma kasuwannin iyaka ba a hannunmu suke ba. Najeriya ta rufe iyakarta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. A ƙarshen Yuli 2023 aka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil. A shekarar 2023 ɗin kuma naira ta faɗi, mai saye daga Kamba ya rage zuwa. Wanda ya ci bashi da niyyar zai biya da kuɗin rake ko dankali a kasuwa ɗaya tak, ya ji jiki.

IN GONARKA TANA JINGINA, MI ZA KA YI?

1. Kada ka ɓuya. Tun lokacin biya bai yi ba, ka je wurin mai kuɗi tare da dattijo ɗaya. Ka faɗi halin da kake ciki. Ka roƙi ƙarin lokaci, ko ka biya kaɗan-kaɗan. Malamai suna faɗa mana addini ya yi horo a jinkirta wa wanda yake cikin ƙunci. Duk abin da ka biya, a rubuta, a sa rana.

2. A yi takarda. Dokar karkara ta ƙasarmu, wadda aka sa wa hannu ran 2 ga Maris 1993, ita ce ta kawo kwamitocin kula da filaye, waɗanda ake kira Kofo. Akwai na ƙauye, maigari ne shugabansa. Akwai na komin, akwai na gunduma. Kofo yana ba da takardar saye, da ta kyauta, da ta aro, da ta haya, da ta jingina. Kowace da sunanta. A rubuta sunan mai gona, da na mai kuɗi, da yawan kuɗin, da iyakokin gonar, da shaidu. Kowa ya riƙe tasa. Ko jinginar ta daɗe, ana iya zuwa yau a rubuta ta, muddin ku biyu kun yarda. Ku tuna, ayar da ta fi kowace tsawo cikin Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi take magana.

Ku da kuka shiga yaƙi da jahilci, ga ranar karatunku. Kada ka dangwala yatsa a takardar da ba ka karanta ba. In da Faransanci aka rubuta, ka nemi wanda ka yarda da shi ya fassara maka.

3. Ka faɗa wa dangi. Gonar gado ba ta mutum ɗaya ba ce. Wa ko ƙane yana iya fansarta ya noma, ta tsaya cikin gida. Kunyar yini ɗaya ta fi ta har abada.

4. Ka gwada haya. In kana da wata gona, ka ba da sashenta haya na shekara ɗaya ko biyu, ka fanshi ta jinginar. Haya tana da ranar ƙarewa. Jingina ba ta ƙarewa sai ka biya.

5. Ka saida abin da ake iya mayarwa. Rago da bunsuru ana sake sayensu. Ƙasa ba ta haihuwa. Amma kada ka taɓa shanun huɗa. Kai ma makiyayi, ka saida bajimi, ka bar saniyar da ke haihuwa. Ita ce gonarka.

6. In gardama ta tashi, ban da sanda. A fara da maigari. In bai raba ba, a je wurin sarki. In an sasanta, a rubuta sulhun. In ya gagara, sai gaban alƙali.

Haka yake ga ƴan uwanmu na birni da suka ajiye takardar gidansu a banki. Banki ba ya saida gida ran da aka kasa biya. Sai ya fara aiko da takardar gargaɗi ta hannun ma'aikacin shari'a. Wanda ya sami irin wannan takarda kada ya sa ta ƙarƙashin tabarma. Ya je a yi magana tun da wuri. Ko a Amurka, ƙasar masu arziki, miliyoyin mutane sun rasa gidajensu daga 2007 zuwa 2010 saboda bashin banki.

RIGAKAFI

Akwai dabarar da ta shigo Nijar wajen 1999, tare da hukumar FAO. Ana kiranta warantaji. Manoma suna haɗa ƙungiya. Da kaka kowa ya kawo buhunansa, a rubuta sunansa, a sa a mangaza. A rufe da kwaɗo biyu. Makulli ɗaya yana hannun ƙungiya, ɗaya yana hannun asusun da zai ba da bashi. Asusun yana ba da kuɗi ƙasa kaɗan da darajar kayan. Da kuɗin sai a yi kiwon rago, ko noman rani, ko ƴar sana'a. Bayan wata 5 ko 6 a biya, a buɗe mangaza, kowa ya ɗauki hatsinsa. Ya ci, ko ya saida lokacin da ya yi daraja. Kun gani, hatsi aka jingina, gona tana nan.

Amma a lura. Akwai kuɗin ruwa da kuɗin ajiya. Wata shekara farashi ba ya hawa. Wake kuma in ba a adana shi da kyau ba, ƙwari su cinye. A yi lissafi tukuna, a tambayi malamin gona.

Mata ma suna da tasu hanya. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da aka fara a jahar Maraɗi a 1991, suna zubi kowane mako, suna ranta wa juna. Ƙaramar larura ba sai ta kai ga gona ba.

Kafin ka ɗora kaya a amalanke, ka buga salula ka ji farashin Gaya, da na Junju, da na Kamba. Ka cire kuɗin hanya. Kada ka saida duka rana ɗaya.

Dattijon namu fa? Na ce ya nemi maƙwabtan gonarsa, gabas da yamma, kudu da arewa. Su ne suka san wanda ya gaje ta. Biyu sun yarda za su yi shaida. Magana tana gaban maigari. Allah ya fid da gaskiya.

Wanda yake da tambaya ya rubuto da hannunsa, ya ba malamin yaƙi da jahilci na garinsu. Wata mai zuwa za mu yi magana kan adana wake. Sai mun haɗu, in Allah ya kai mu.