Tsohuwar Mujalla Ba Takardar Ƙosai Ba Ce



Jiya da safe na sayi ƙosai, aka ƙunsa mini a shafin tsohuwar mujalla. Ina warwarewa sai ga ayar Alƙur'ani ta jiƙe sharkaf da mai. Wallahi kasa ci na yi.

Ban ga laifin mai ƙosai ba, a kasuwa ta sayi takardar. Laifin namu ne, mu da muka karanta, muka san abin da ke ciki, sa'annan muka sayar a kan kuɗin da bai kai na katin waya ba. Wai tattali! Wane irin tattali ne wannan?

Kafin ka rabu da mujalla, zauna ka bi ta shafi-shafi. Mai aya ko hadisi ka cire, ka adana ko ka ƙona a wuri mai tsarki. Bukhari ya ruwaito cewa Sayyidina Usman ya sa an ƙone sauran mus'hafai. Ragowar shafukan ka yi wa ƙannenka bangon littafi da su.

Ko babu aya ma, tawada tana narkewa cikin mai mai zafi. Saboda haka ne Indiya, a dokarta ta 2018, ta hana ƙunsa abinci a jarida.