Masu Tambayar "Ina Wutar?" Sun Bar Jaki Suna Dukan Taiki

Da an ambaci motar lantarki a majalisa, amsar a shirye take: "Wutar da ba ta ishe mu kunna fanka ba, ita za ta ja mota?" Sai a kwashe da dariya, a rufe zancen. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, domin Najeriya, ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200, har yanzu megawat 4,000 zuwa 5,000 take rarrabawa, babban layin wutar kuma yakan durƙushe sau da dama a shekara. Amma hukuncin da ake yankewa daga nan kuskure ne, kuma a aljihun talaka kuskuren yake ƙarewa.

Masu dariyar, Tesla suke hangowa, motar attajiri mai ƙaton batir. Abin hawan da ke ɗauke da Kano da Maiduguri da Sakkwato kuwa a daidaita sahu ne da babur da ƙaramar bas. Batirin babur ɗin lantarki bai kai kashi 10 cikin 100 na batirin Tesla ba, kuma rumfa ɗaya mai faifan sola a kanta za ta iya cika da dama a wuni ba tare da ta jira kamfanin wuta ba.

A duba lissafin direban a daidaita sahu. Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar fetur ba ta kai Naira 200 ba. Zuwa ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Direban nan sai ya fitar da kuɗin mai, ya ware balas ɗin mai keke, ya tanadi na juyen baƙin mai da filogi da wankin kabureta, sannan ya ga abin da ya rage na cefane. Injin lantarki ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan ukun na ƙarshe.

Wasu ƙasashen ba su tsaya gardama ba. A Indiya, fiye da rabin sababbin kekuna masu ƙafa uku da ake sayarwa na lantarki ne. A Kigali, ɗan acaɓa yakan tsaya a tashar kamfanin Ampersand, ya zare batirin da ya yi sanyi, a miƙa masa cikakke, ya biya ya wuce cikin 'yan mintuna. Batirin na kamfani ne, shi caji kawai yake saya. Spiro na yin irin haka a Benin da Togo. Habasha kuwa, da ta gaji da zuba dala wajen shigo da mai, a 2024 ta hana shigo da ƙananan motocin fetur da dizal.

Ko a gida an taɓa an gani. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya cire injinan ƙananan bas ya sa musu batir, suka ɗauki fasinja a titi. A 2021 hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, NADDC, lokacin Jelani Aliyu na shugabancinta, ta buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. Jelanin nan shi ya zana motar Chevrolet Volt a Amurka.

An yi irin wannan dariyar a 2001 da wayar salula ta iso, lokacin da layukan kamfanin wayar gwamnati NITEL ba su kai rabin miliyan ba. Wutar ba ta gyaru ba, amma masu cajin waya suka kafa tebur da janareta a kowace kasuwa, yau layukan da ke aiki sun haura miliyan 150.

Matsalolin gaske suna nan, kuma su ya kamata a yi ta muhawara a kansu. Zafin watan Afrilu yana rage wa batir kwana. Kuɗin sayen keken lantarki ya fi na fetur, duk da farashin batirin litiyam ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tun 2010. Makanikan da suka ƙware a kan fistin da ringi ba a koya musu aikin waya da kwantirola ba. Kasuwar da ta cika da jabun batiran sola kuma ba za ta ji kunyar cika da jabun batiran keke ba.

Kowace daga cikinsu tana da mai ita. Gwamnatocin jihohi su ba da filin tashoshin musayar batir a tashoshin mota da bakin kasuwanni, bankuna su ba ƙungiyoyin direbobi bashin da za a riƙa biya kullum kamar balas, kwalejojin fasaha su buɗe ajin gyaran injin lantarki, hukumar kula da ingancin kaya ta SON kuma ta tsare iyaka daga jabun kaya. Gwamnan da ke shirin raba a daidaita sahu a bana, ya fara tambayar nawa ne na lantarki kafin ya sa hannu a kan na fetur.