Zanen hannu na littattafan ƴan matan Japon: a ɓoye shi ko a nuna shi?

A ƙasar Japon akwai littattafan labari da zane da ake kira manga, kuma a cikinsu akwai reshen da aka tanadar ma ƴan mata, wanda sunansa shojo manga. Waɗanda suka taso a ƙasashe masu amfani da Faransanci sun san wasu daga ciki ta hanyar talabijin, kamar Candy ta Igarashi Yumiko da Mizuki Kyoko, ko Lady Oscar, wadda Ikeda Riyoko ta fara zanawa a shekara ta 1972. To amma kowane shafi na waɗannan littattafai yana da uwa, wato takardar asali da mai zane ta yi ma aiki da alƙalami da tawada kafin a kai ta maɗaba'a. Japonawa suna kiran ta genga, kuma makomarta ce ke damun masana a yau.

A can baya ba a ɗauki wannan takarda a bakin komai ba. Da zarar mujalla ta fito, an gama da ita. Wasu sun ɓace a ofisoshin masu ɗab'i, wasu an yayyanka su an aika ma masu karatu a matsayin kyauta, sauran kuma suna jibge cikin akwatuna a gidajen masu zanen. Ga shi kuma ba don ta daɗe aka yi ta ba. Takardar tana jajayewa, farin fentin da ake shafe kuskure da shi yana ɓamɓarewa, siraran ledojin da ake liƙawa don yin inuwa suna saki idan ƙaron ya bushe. Zanen ƴan mata ya fi shiga hatsari, domin kyansa yana ga launuka masu taushi na furanni da gashi da idanu, kuma tawadar launi ba ta jure ma haske. Duk ranar da aka rataye shafi a bango don jama'a su gani, ana rage masa kwana. Idan kuma aka kulle shi cikin duhu, babu mai amfana da shi.

Wadda ta nemo mafita ƴar gida ce. Takemiya Keiko, haifaffar 1950, tana cikin matan da suka sauya fuskar shojo manga a shekarun 1970, tare da irin su Hagio Moto. A shekara ta 2000 ta fara koyarwa a jami'ar Kyoto Seika, wadda daga baya ta shugabanta daga 2014 zuwa 2018. A can ne ta ƙaddamar da shirin da ake kira Genga Dash. Ana ɗaukar hoton takardar asali da na'ura, a daidaita launukan a kwamfuta, a buga, a ajiye kusa da ta asali a duba da ido, a sake gyarawa, har sai an kai inda mai kallo zai sha wuya kafin ya bambanta su. Ba a goge komai. Tabon yatsa, da sawun fensir, da bayanin da edita ya rubuta a gefe, da wurin da takarda ta yage, duk ana barin su, saboda su ne ke nuna yadda hannu ya yi aiki.

Gidan tarihin manga na Kyoto, wanda aka buɗe a 2006 cikin ginin wata tsohuwar makarantar firamare, shi ne ke riƙe da wannan aiki tare da jami'ar. An yi ma ayyukan magabata irin wannan kwafi, kamar Matsumoto Katsuji, da Ueda Toshiko, da Watanabe Masako, da Mizuno Hideko, da Hanamura Eiko. Kwafin kan yi tafiyar da takardar asali ba za ta iya ba. A 2016 an baje wasu a birnin Landan, alhali na asali suna kwance a ma'ajinsu.

Sai dai kwafi ba ya ceton uwarsa. A watan Oktoba na 2019 guguwar Hagibis ta cika ɗakunan ajiya na gidan tarihin birnin Kawasaki da ruwa, inda abubuwa sama da dubu 200 suka lalace, har da zanen manga na asali. Akwai kuma matsalar kasuwa. A watan Mayu na 2018 an yi gwanjon shafi ɗaya na Tezuka Osamu a Paris a kan Yuro 269,400, kimanin miliyan 176 ke nan na kuɗin sefa. Idan farashi ya hau haka, magadan mai zane suna fargabar harajin gado, sai su sayar ko su rabu da kayan. Japonawa ba su manta yadda hotunan ukiyo-e suka kwarara zuwa Turai da Amurka a ƙarni na 19 ba.

Saboda haka ne garin Yokote, cikin jihar Akita, ya sabunta gidan tarihinsa na manga a 2019, ya mayar da hankali ga ajiya, har ya tara shafuka sama da dubu 400 cikin ɗakunan da ake daidaita zafi da laimarsu. Amma mai zane guda tana iya barin shafuka dubu goma ko fiye, kuma kowane shafi sai an tsabtace shi, an ɗauki hotonsa, an rubuta shi cikin rajista. Wannan aiki yana cin wuri da kuɗi da ma'aikata.

Lokaci kuwa ba ya jira. Yawancin sabbin masu zane sun koma aiki a kwamfuta, ba sa barin takarda ko ɗaya, su kuma matan da suka yi tashe a shekarun 1970 sun haura shekara 70. Su kaɗai ne za su iya cewa wannan shafi na wane littafi ne, wannan launi kuma yaya yake kafin ya koɗe. Abin da ba a tambaye su ba suna raye, babu na'urar da za ta dawo da shi.